Tsohon babur a Faransa: saye da sauƙi, takarda da wuya

Ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ya sauka Faransa da bizar yawon buɗe ido, kwana 90 ke gare shi. Babu mai hana shi sayen tsohon babur, don mai sayarwa kuɗi yake dubawa, ba fasfo ba.

Wahalar tana ga kart giriz. Doka ta ba mai saye wata guda ya maido ta da sunansa, in ya wuce, tarar Yuro 135 na jiran shi. Ba a kuwa ba da ita sai da shaidar mazauni a ƙasar. To, baƙo ina ya ga mazauni? Sai ya roƙi ɗan'uwan da ya sauke shi ya rubuta mashi shaidar masauki, ya haɗa da katin shaidarsa da takardar kuɗin lantarki. Tun 2017 kuma ta intanet ake neman ta, an bar bin layi a ofishin firefe.

Kafin ya ƙirga kuɗi, wajibi ne ya karɓi tsohuwar kart giriz da aka soke, da takardar sayarwa, da shaidar cewa ba a jinginar da babur ba. Tun Afrilun 2024, wanda ya haura shekara 5 sai da bizit teknik. Mai niyyar kawo shi Maraɗi ya adana su da kyau, duwan za ta tambaye su.