KURA DA SHAN BUGU, GARDI DA KARƁAR KUƊI: LABARIN ZAUREN ƘANƘARA NA CALUMET

Mai karatu, yau na ɗan jingine labarin soyayya gefe guda, domin akwai wata magana da ta tsaya mini a maƙogwaro, kuma idan ban amayar da ita ba ba zan samu sukuni ba. Maganar kuwa a kan wani tsohon zauren wasa ce da ke garin Calumet, can ƙuryar arewacin jihar Mishigan ta Amurka, kusa da tafkin Superior. Sunan zauren Calumet Colosseum, kuma ana lissafa shi cikin mafiya tsufa a duniya da har yanzu ake buga ƙwallon gora na ƙanƙara a cikinsu. Ga wanda bai san wasan ba, mutum shida-shida ne ke karawa, kowa sanye da takalmi mai kaifin ƙarfe a ƙasa, suna sulu a kan daskararren ruwa, suna korar wani ɗan baƙin faifan roba da sanda mai lanƙwasa har ya faɗa raga.

A shekarar 2019 zauren nan ya ci wata gasa da ake kira Kraft Hockeyville, wadda kamfanin abinci na Kraft ke shiryawa tare da babbar ƙungiyar wasan ta NHL. Aka ba garin dala 150,000 na gyara, sannan a watan Satumba aka kawo Detroit Red Wings da St. Louis Blues, masu riƙe da kofin Stanley a lokacin, suka buga wasan share fage a ciki. Daga nan fa duk wanda ya tashi ba da labarin Calumet sai ya fara da wannan daren, kamar dai a ranar aka haifi ginin. Wai an tuna da ƙaramin gari, wai an share masa hawaye. Haba jama'a! Ni dai ban yarda ba, kuma ga dalilina.

An gina zauren ne a 1913, lokacin da Calumet ke tashen arzikin tagulla, kamfanin Calumet and Hecla na juya garin yadda ya ga dama. A watan Yulin shekarar ma'aikatan haƙar ma'adinai suka shiga yajin aiki. Ranar 24 ga Disamba aka tara 'ya'yansu a benen wani gini mai suna Italian Hall don yi musu walimar Kirsimeti, sai wani ya ƙwala ihun gobara alhali babu wata wuta. Aka yi rige-rigen sauka, mutum 73 suka mutu a matattakala, 59 daga cikinsu yara ne. Ƙasar kaburbura ba ta gama kwanciya ba, a watan Janairun 1914, aka buga wasan farko a sabon zauren, tsakanin Calumet Wolverines da maƙwabtansu Portage Lake Pioneers. Wato garin da ya shiga wannan zaure tun ranar farko gari ne mai makoki, rabinsa ba ya ga-maciji da rabi.

A 1942 ma'ajiyar makaman dakarun jiha ta ƙone, sai gwamnatin Mishigan ta sayi zauren, ta sauya masa suna zuwa Calumet Armory. Sojoji suka shigo, amma wasa bai tsaya ba. Sai 1968, shekarar da nake so mai karatu ya riƙe da kyau. A cikinta aka sake wani yajin aikin, wanda daga shi ramukan kamfanin ba su ƙara buɗewa ba. Aiki ya ƙare, matasa suka watse neman abinci. To a wannan shekarar ce kuma aka sa wa zauren injin daskarar da ruwa. Kafin nan sai dai a malala ruwa a ƙasa a jira sanyin Allah ya daskarar da shi, idan yanayi ya sassauta wasa ya tashi. Garin da ke ganin tukunyarsa tana shirin sauka daga murhu, shi ne ya ga ya dace yaransa su samu ƙanƙarar da ba ta jiran yanayi. Ina Kraft a lokacin? Ina NHL?

Kada kuma a ɗauka ƙanƙarar inji abin wasa ce. Bututu ne birjik a ƙarƙashin daɓe, ruwan sanyi na zagayawa a cikinsu dare da rana, injin na shan wutar lantarki tun daga kaka har bazara. Tsakanin wasa da wasa sai an shigo da motar nan Zamboni ta kankare saman, ta shimfiɗa ruwan ɗumi ya sake daskarewa sumul. Duk wata sai an biya kuɗin wuta, duk shekara sai wani abu ya lalace. Yankin da a 1900 yake da mutum sama da 25,000, ƙauyen da ke tsakiyarsa bai kai mutum 700 ba a ƙidayar 2020. Su ɗin nan da na kewayensu ne suka ɗauki wannan kaya shekara 51 kafin mai kyamara ya iso. A 2005 ma ƙaramar hukumarsu ce ta ba jihar fili, ta karɓi ginin, ta mayar masa da sunansa na asali.

Akwai wani abin lura. Shi Italian Hall, duk da tarihin da ke kansa, an rushe shi a 1984, bakin ƙofarsa kaɗai aka bari don tunawa. Tarihi bai cece shi ba. Zauren ƙanƙara kuwa ya tsira saboda kullum akwai ƙafa a cikinsa: 'yan makarantar sakandare da ake kira Copper Kings, ƙananan yara masu koyo, manyan Wolverines da ke tashi daga aiki su zo su buga, da iyaye masu zaman jira cikin sanyi.

Za a ce da ni, to kai marubuci, so kake su ƙi karɓar kuɗin? A'a, ban ce ba. Da ni ne ma hannu biyu zan sa, kuma na san yaron da ya ga zakarun kofin Stanley a inda yake atisaye ba zai manta ba har tsufansa. Abin da nake ƙi shi ne tsarin. Tun 2006 a Kanada ake tara ƙananan garuruwa (a Amurka ma an yi haka daga 2015), kowa ya fito ya baje talaucin zaurensa da son da yake wa wasa, a yi ta roƙon ƙuri'a a intanet, sunan kamfani na yawo a bakin kowa wata da watanni. A ƙarshe gari ɗaya ya ɗauki babban rabo, 'yan kaɗan su samu na shan ruwa, sauran su koma gida da rufinsu mai yoyo. Mu marubuta mun san irin wannan a wajen ƙaddamar da littafi: kai ka yi shekara kana rubutu a fitilar ƙwai, babban baƙo ya zo na awa ɗaya, washegari hotonsa ne a jarida.

Kuma a duba lissafi. A kakar 2018 zuwa 2019 kuɗin shigar NHL ya kai wajen dala biliyan 5. Mene ne dala 150,000 a ciki? Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, sana'ar da suke ci da ita a wannan yankin aka raine ta. A 1904 aka kafa gasar ƙwararru ta farko da kowane ɗan wasa ke karɓar albashi, da ƙungiyar Houghton da ta Calumet a ciki, shekara 13 kafin a haifi NHL a 1917. Bashi ne ake biyan ɗan abin da ya sawwaƙa daga cikinsa, amma sai an buga ganga an kira shi kyauta.

Idan da gaske ake, a ware asusun gyaran irin waɗannan zaurukan, a aika masu duba gini su ga inda injin ya tsufa da inda rufi ke neman ruftawa, a biya bisa buƙata ba bisa yawan ƙuri'a ba. Su kuwa mutanen Calumet suna da nasu babban wasan da ba a ɗauko shi daga ko'ina ba, wato kofin Gibson, wanda ake fafatawa a kansa tun 1939, kuma Wolverines da Pioneers ɗin nan na 1914 ne ke karawa a kansa a ƙarshen hunturu.