Ka Saita Wayarka Tsaf, Amma Shok Ɗin Babur Ɗinka Fa?

Matashi zai sayi waya, kafin dare ya canza haske, ringin da girman rubutu. Shi ɗin dai zai hau babur shekara uku bai taɓa duba saitin shok ɗin baya ba. A ganina wannan sakaci ne, don kamfani bai san nauyinka ba. Matsakaicin mutum ya ƙiyasta, mu kuwa muna ɗora goyo da buhun masara.

Yawancin ƙananan babura masu shok biyu a baya suna da wani zobe mai matakai a jikin sifirin, galibi guda 5. Juya shi ba ya ƙara wa sifirin ƙarfi, kamar yadda wasu bakanikai ke cewa. Abin da yake canzawa shi ne yawan nutsewar babur idan ka zauna, kuma ita ce ake aunawa. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kusan kashi ɗaya cikin uku na duk tafiyar tayar sama da ƙasa: idan milimita 90 ce, nutsewar ta tsaya wajen 30.

Tef ɗin tela ya isa. A ɗaga babur har tayar baya ta bar ƙasa, a auna daga tsakiyar tayar zuwa wani ƙusa a saitin kujera. Sai a sauke, ka zauna yadda kake tuƙi, wani ya riƙe maka, a sake aunawa a wuri ɗaya. Bambancin shi ne nutsewarka. Ka adana lambar a waya.

Idan ta yi yawa, baya ya zauna, gaba ya yi sakayau, fitila ta koma haska idon masu zuwa, kowane rami kuma shok ya daki ƙarshensa har ka ji a ƙugu. Masu murɗe zoben zuwa matakin ƙarshe wai don babur ya yi tsayi su ma ba su tsira ba. Mai kilo 55 a kan wannan saitin, tayarsa tsalle za ta riƙa yi a hanya mai gargada, taya a sama kuwa ba ta cin birki. Kuma dole hagu da dama su zama mataki ɗaya.

Za a ce ɗan acaba ba zai riƙa fito da sifana duk fasinja ba. Gaskiya ne. BMW ta sa maɓallin lantarki na wannan aiki a K1200S tun 2004, mu ba mu da shi. To ka saita wa nauyin da ka fi ɗauka kullum, ranar kaya ka ƙara mataki ɗaya ko biyu.

Idan kuma mai na tsiyaya a jikin shok, ko ka danna kujera babur ya yi ta lilo bai tsaya ba, zobe ba zai gyara wannan ba. Sabon shok za ka nema.