Munduwar Inna da allon gilashi

Yau ba siyasa zan yi ba, ku kwantar da hankalinku. Abu biyu ne suka faru da ni a 'yan kwanakin nan, suka tsaya mini a rai, na ce bari in kawo su nan.

Makon jiya muka yi walimar sallamar wani maigidanmu a ofis, ya cika shekara 35 yana aikin gwamnati. Ina cikin kwamitin sayen kyauta, don haka ba wani nake zargi ba, da ni aka yi. Muka tara kuɗi, kowa daidai matakin albashinsa. Muka sayo allon gilashi aka zana sunansa a kai, da agogon bango, da wata jaka mai sheƙi da mai shago ya rantse fata ce. Wallahi tun ba a tashi daga walimar ba na ga hannun jakar ya fara salewa. Roba ce aka shafa wa launi. A cikin birnin Sakkwato fa, garin jar akuya!

Bayan kwana biyu na zo gida Sanyinna. Inna ta kwance wani ƙullin tsumma ta fito da munduwarta ta azurfa, wadda tun ina yaro nake gani a hannunta. Ta tsage a gefe guda. Ta ce, "Wagga ta kakarka ta, wurin Buzaye anka saye ta tun ban san kaina ba. Kai ta a gyara, ɗiyarka nika son in ba ran da za a kai ta ɗaki."

Na ɗauka abu ne mai sauƙi. Mutum uku na tambaya, kowa sai ya ce, "Wa ke wannan aiki yanzu?" Sai ranar kasuwar Tambuwal aka nuna mini wani dattijo can gefe, ya naɗa rawani ya rufe baki, gabansa 'yar uwar maƙera da zugazugi da awartaki, da 'yan zobba a kan buhu. Na gaishe shi na miƙa masa. Ya jujjuya ta, ya goga a dutse, ya ce, "Malam, wannan azurfar kirki ce, kuma aikin mutanen Tawa ne." Ko awa ɗaya bai yi ba ya liƙe ta, har ba ka gane inda ta tsage. Abin da ya nema bai kai kuɗin abincin mutum ɗaya a walimarmu ba.

Na ce, "Baba, ina yaranka, ba mai tayawa?" Ya ce ɗaya yana gadi a Abuja, ɗaya yana tallar caja da gilashin waya. Sai ya ƙara da maganar da har yanzu take yi mini yawo a ka: "Yaro ba ya koyon abin da bai ga ya ciyar da ubansa ba."

To, ra'ayina ke nan, kuma na san wasu ba za su yarda ba. Mun saba cewa zamani ne ya kashe waɗannan sana'o'i, ko Sin, ko gwamnati. Duk da nasu kason. Amma babban abin da ya kashe su shi ne maƙwabta sun daina saye. Maƙwabtan nan kuwa mu ne.

Ku duba yadda abin yake a da. Mu da Buzaye, ko Abzinawa kamar yadda da yawansu suka fi son a kira su, kasuwarmu ɗaya ce. Ayarin raƙuma ya kawo gishirin Bilma da dabino, ya koma da gero da tufafi da kayan fata. Baƙin rawanin nan mai ƙyalli da ake gane Ba'abzine da shi, wanda ke barin shuni a fuska, a ƙasar Hausa ake yin mafi darajarsa. A Kura ta Kano ake rina turkuɗi da baba, a buga shi har ya yi walƙiya, shi ya sa ake ce masa ɗan Kura. Bajamushen nan Heinrich Barth da ya shiga Kano a 1851 ya rubuta yadda tufafin Kano ke kaiwa har Tumbutu da Tarabulus. Fatar jar akuyarmu kuwa, majema su jeme ta da bagaruwa, a rina ta da karan dafi, ta ƙetare Sahara, Turawa su saya a bakin teku su sa mata suna fatar Maroko. Su kuma maƙeransu su narka tsoffin kuɗin azurfa na Turai, masu hoton Mariya Tareza da shekarar 1780, su yi wa iyayenmu mata munduwa da zobe da abin wuya. Takobin da hakimi ke ratayawa ranar hawa, sau da yawa ruwansa daga wani wuri, kubensa aikin baduku. Kowa na cin abinci a hannun kowa. Ba wanda ya jira baƙo daga Faransa.

Aikin kuma ba na wasa ba ne. Abin wuyan nan da Turawa ke kira kuros ɗin Agadas, da kakin zuma ake fara siffanta shi, a lulluɓe da yumɓu, a gasa har kakin ya narke ya fice, sannan a zuba narkakkiyar azurfa a gurbinsa. In ta huce a fasa yumɓun, a goge, a zana da hannu. Tunda sai an fasa mazubin, ba guda biyu da suke daidai da juna. Kuma garuruwa da dama kowanne da irin nasa: na Agadas daban, na Tawa daban, na Ingal daban, na Damagaram daban. Shi ya sa dattijon ya kalli munduwar Inna ya faɗi asalinta, kamar yadda muke jin Hausar mutum mu ce wannan Bakabe ne.

Da maƙwabta suka juya baya, sai masu sana'ar suka koma ga 'yan yawon buɗe ido. An ci moriya na wani lokaci. Har kamfanin Hermès na Faransa ya riƙa sayar da bel mai kan azurfa aikin maƙeran Buzaye, da tsadar da ni da ku ba za mu taya ba. Amma wanda ya hau motar kwaɗayi, kun san inda take sauke shi. Tawayen arewacin Nijar na 2007 da satar Turawa a Arlit a 2010 suka kori baƙi daga Agadas. Ko da UNESCO ta sa tsohon birnin cikin wuraren tarihi na duniya a 2013, masu sayen sun riga sun gudu.

Haka ya faru da Dogon na ƙasar Mali, mutanen duwatsun Bandiagara, waɗanda suka shahara da sassaƙa ƙofofin rumbu da rinin shuni irin namu. Tun 1989 UNESCO ta san da yankinsu. A 2011 aka yi babban baje kolin kayansu a wani gidan tarihi a birnin Paris. Shekara guda bayan haka rikicin Mali ya ɓarke, baƙi suka ɗauke ƙafa. Tsoffin kayan suna can cikin gilashi a Turai ana biyan kuɗi a kalla, jikokin masu sassaƙar suna neman na hatsi. Sana'ar da ta dogara da baƙo, ranar da hanya ta lalace ta mutu.

Mu ma nan ba mu taimaka ba. An rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, sai a Maris 2024 Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren. Mai babbar mota ya san yadda zai yi. Amma dattijon da ke bin Illela da Ƙonni da 'yar jakar zobba, shi ne ya ji a jikinsa. Ga kuma matsalar tsaro da ta sa yanzu duk mai rawani rufe da baki sai an yi masa kallo biyu. Na san halin da ƙauyukanmu ke ciki, ban ce kada a yi hattara ba. Amma mutumin da kakanninmu suka yi ciniki da kakanninsa bai kamata ya zama baƙo a kasuwarmu ba.

Wani zai ce, "Malam, kana maganar azurfa, mutane na neman na masara." Gaskiya ne. Mafi ƙarancin albashi naira dubu 70 ne tun 2024, kuma mun san abin da yake iya saye. Ni ban ce talaka ya bar abinci ya sayi munduwa ba. Da mu nake, masu haɗa lefe akwati shida, kowane cike da sarƙar da za ta koɗe kafin a yi suna. Da mu nake, 'yan kwamitin walima. Kuɗin nan muna kashe su ko ta yaya, tambayar ita ce aljihun wa suke shiga.

Wani kuma zai ce masu aikin hannun ba su cika alƙawari, ko fatar na wari, ko ba su da rasit. Wannan ma akwai ƙamshin gaskiya, na taɓa jiran takalmi wata biyu. Amma wanda ke samun aiki sau ɗaya a wata, da me zai gyara sana'arsa? Ciniki ne ke kawo inganci. Rasit kuwa, mu da muka san yadda ake cike takardar biya, in muna so za mu koya musu cikin yini ɗaya.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. Tun 2017 akwai umarnin shugaban ƙasa mai lamba 3 da ya ce ma'aikatun tarayya su fifita kayan gida wajen sayayya. Jiha da ƙananan hukumomi ba sai an tilasta musu ba. Jakar taron bita, kyautar baƙo, kyautar mai ritaya, a ba dukawa da maƙera da masaƙa. Ba bikin al'adu na yini ɗaya muke nema ba, inda za a yi rawa a ɗauki hoto a watse. Oda muke nema, mai maimaituwa, wadda za ta sa yaro ya ga sana'ar ta ciyar da ubansa. Mu kuma a gidajenmu, cikin kowane lefe a sa abu ɗaya tak na hannu, ko zoben azurfa, ko turmin saƙi, ko takalmin fata.

Ni dai na fara. Na ba dattijon aikin zobba biyu da 'yan kunne, na biya rabi. Na kuma gaya wa 'yan ofis cewa walima ta gaba, in ina cikin kwamiti, takobi da kube za mu bayar ko jakar jar akuya ta gaske.

Da na mayar wa Inna munduwar, ta sa a hannu ta ɗaga ta a hasken rana, ta ce, "Allah Shi yi mai albarka, har yanzu akwai su ashe." Ban gaya mata cewa yaransa sun bar sana'ar ba. Ran da ta sake tsagewa a hannun ɗiyata, wurin wa za ta kai ta?

Allah Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, Ya sa albarka a hannun masu nema. Wanda ya san wani mai irin wannan aiki a Tambuwal ko Kebbe ko kewaye, don Allah ya sanar da mu, mu kai masa ciniki.