DAGA BAKIN BAHAR: Anga Ita Ce Birkin Jirgi

A wannan wata za mu yi magana ne a kan wani ƙarfe da akasarin masu ƙananan jirage suka raina, watau anga, wadda maƙwabtanmu Larabawa suke kira hilib.

Abin da ya jawo wannan magana shi ne, ƙananan jirage sun yawaita a gaɓar Baharul Azrak, tun daga Abu Hujar har Sinja da Mai Wurno, kuma ba dukkansu ne na masunta ba. Akwai na masu lambun ayaba da mangwaro, akwai kuma na samari masu ɗaukar jama'a yawon shan iska ranar Juma'a da lokacin bukukuwan Sallah. Mutum zai kashe kuɗi mai yawa wajen sayen inji da fenti, amma in ka leƙa cikin jirgin ba abin da za ka gani sai wani dutse da aka ɗaure da guntuwar igiya. Wani ma ko dutsen babu.

To, mai karatu, jirgin ruwa ba shi da birki. In mota ta mutu a hanya tsayawa take yi, amma in injin jirgi ya mutu a tsakiyar kogi, ruwa ne zai karɓi tuƙi. A watan Agusta na 2018 duk ƙasar nan ta ji abin da ya faru a Jihar Kogin Nilu, can arewa, inda injin wani jirgi ya lalace a tsakiyar ruwa lokacin cikar kogi, yara 'yan makaranta 22 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Duk wanda ya taɓa jin inji ya yi shiru alhali gaɓa tana nesa, ya san cewa a wannan lokaci ba abin da yake bukata kamar abin da zai tsayar da jirgin, ya juya goshinsa ya fuskanci ruwa, har a samu a gyara ko a kawo ɗauki. Wannan shi ne aikin anga.

Kuskuren da aka fi yi shi ne zaton cewa nauyi ne yake riƙe jirgi. Kowane abu yana rage nauyi in ya shiga ruwa. Dutse mai kilo 20 ba ya wuce kilo 12 ko 13 a ƙarƙashin ruwa, bulon siminti ma haka ko ƙasa da haka, alhali ƙarfe mai kilo 20 yana nan da kilo 17 da ɗoriya. Bugu da ƙari, dutse ba shi da haƙori, saboda haka birgima yake yi ko ya yi ta zamewa a kan laka. Anga ta gaskiya kuwa cizon ƙasa take yi, kamar yadda garma take nutsewa in shanu suka ja. Shi ya sa anga mai kilo 5 da ta ciji ƙasa ta fi dutse mai kilo 30 riƙo.

Tun da cizo ne maganar, ke nan sai a fara duba abin da za a ciza. Kogin namu daga Tafkin Tana na ƙasar Habasha ya taso, kuma shekara da shekaru yana kwaso laka daga duwatsun can, har lakar ta cinye fiye da rabin mazaunin ruwan madatsar Sinnar, wadda aka gama a 1925. Saboda haka ƙasan koginmu iri uku ne galibi: laka mai laushi a wuraren da ruwa ya kwanta, yashi a tsibirai da tsakiyar kogi, sai kuma saiwoyi da kututtura a kusa da dazuzzukan gabaruwa da ruwa yake shiga lokacin cika.

Ga laka da yashi, babu kamar anga mai faffaɗan kunnuwa biyu masu motsi, irin wadda wani Ba'amurke mai suna Richard Danforth ya ƙirƙiro, aka yi ta amfani da ita a jiragen sauke sojoji lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ba ta da nauyi, tana kwanciya shafe a cikin jirgi, kuma da zarar an ja ta sai kunnuwan su nutse. Jirgin da tsawonsa bai wuce mita 5 zuwa 6 ba, mai kilo 5 ko 6 ta ishe shi a ruwa matsakaici. Akwai kuma mai siffar garma, wadda wani masani ɗan Ingila, Geoffrey Taylor, ya fito da ita a 1933. Tana da kyau ƙwarai, sai dai ta fi dacewa da jiragen da suka fi namu girma.

Wadda aka fi sani a nan ita ce mai ƙugiya huɗu ko biyar, wadda masu walda suke yi da rodi. Amfaninta shi ne a wuri mai saiwoyi ko duwatsu, inda take samun abin maƙalewa. A laka mai laushi kuwa karta kawai take yi kamar kaza, domin ƙugiyoyin sirara ne. In ita ce abin da hali ya kai, a sa mai walda ya liƙa faffaɗan ƙarfe kamar tafin hannu a bakin kowace ƙugiya. Wannan ɗan gyara yana ƙara mata riƙo sosai.

Sai maganar igiya, kuma a nan ne rabin sirrin yake. Anga tana riƙo ne in ana jan ta a kwance. In aka ja ta a tsaye, tumɓukewa take yi, ai da haka ma ake cire ta. Don haka gajeriyar igiya ita ce babbar abokiyar gabar anga. Ƙa'idar da matuƙa suka yarda da ita a duniya ita ce, a saki igiya ninki biyar na zurfin ruwa, in kuwa akwai iska ko ruwa yana gudu, ninki bakwai. Alal misali, in zurfin ya kai mita 4, a saki mita 20, in an ga hadari a kai mita 28. Wanda bai saba da mita ba ya auna da gaba, lissafin ɗaya ne. Ke nan jirgin da yake yawo a koginmu bai kamata igiyarsa ta gaza mita 30 zuwa 40 ba. Yana da kyau a ɗaura ƙyalle a kowace mita 5 domin a san abin da aka saki.

Ba kowace igiya ce ta dace ba. Igiyar roba mai launi da ake ɗaure kaya da ita tana tasowa saman ruwa, tana iya naɗe farfelar inji, kuma rana tana cin ta har ta riƙa marmashewa. Igiyar nailan mai kaurin milimita 10 ita ce ta fi, domin tana nutsewa, kuma tana miƙewa ta shanye fizgar igiyar ruwa. Tsakanin anga da igiya a sa sarƙa, tsawonta kamar na jirgin, ko aƙalla mita 2 zuwa 3. Nauyin sarƙa yana kwantar da wuyan anga a ƙasa, kuma ita ce take shan gugar yashi maimakon igiya.

Wajen ɗauri, a zagaya igiya sau biyu a cikin zoben sarƙa kafin a ƙulla, sannan a kama bakinta da zare a jikin uwar igiya don kada ya warware. Ɗaya bakin kuwa a ɗaure shi a goshin jirgi tun kafin a bar gaɓa. Anga da yawa suna kwance a ƙasan kogi tare da igiyoyinsu, don kawai an manta da wannan.

A goshi muka ce, kuma muna roƙon mai karatu ya riƙe wannan ko da ya manta da sauran. Kada a kuskura a ɗaure anga a bayan jirgi ko a gefensa a cikin ruwa mai gudu. Bayan jirgi ya fi ƙasa, ga nauyin inji, saboda haka ruwa zai danne shi ya hau ciki. A gefe kuwa kifewa ce kai tsaye. A sani kuma cewa in gudun ruwa ya ninka sau biyu, ƙarfin da yake tura jirgi ninkawa yake yi sau huɗu.

In an zo sauke anga, a juya goshin jirgi ya fuskanci inda ruwa yake fitowa, a rage gudu har ya tsaya, sannan a zura ta a hankali. Ba a jifa da ita, domin sarƙa tana iya naɗe ƙugiyoyi. A kula kada ƙafar kowa ta shiga cikin naɗin igiya. A bar ruwa ya ja jirgi baya ana sakin igiya kaɗan kaɗan, in ta kai sai a ɗaure. Daga nan a dubi abu biyu a gaɓa, ɗaya a bayan ɗaya, kamar bishiya da hasumiyar masallaci. In suna rabuwa, anga tana ja, sai a ƙara igiya ko a sake wuri. A lokacin ɗari a ƙara lura, domin iskar arewa tana karo da gudun ruwa, jirgi ya riƙa juyawa har ya kwance angar.

Ga wata dabara saboda wuri mai saiwoyi. A ɗaure sarƙa a gindin anga, wajen ƙugiyoyi, sannan a kwantar da ita a jikin sandar, a kama ta da siririn zare a zoben sama. In anga ta maƙale, sai a tuƙa jirgi a wuce ta a fizga, zaren ya tsinke, ta fito ta baya. Kazalika a ajiye wuƙa mai kaifi da jarka marar komai kusa da goshi. In kututture ya taho da ruwa ya hau igiya, a ɗaura jarkar a saki, a dawo neman anga daga baya. Ƙarfe ana sayen wani.

Daga ƙarshe, muna tunatar da jama'a cewa kogin ya sake hali. Muna zaune ne tsakanin madatsar Sinnar da ta Rusairis, wadda aka gina a 1966 aka ƙara mata tsayi a 2013, ga kuma babbar madatsar Habasha da aka fara tara mata ruwa a 2020 aka buɗe ta a 2025. Yanzu hawa da saukar ruwa ba ga damina kaɗai suka dogara ba, har da buɗe ƙofofi da rufe su. Saboda haka mai barin jirginsa ya kwana a gaɓa ya ɗaure goshi a turke ko bishiya da sakakkiyar igiya, ya kuma riƙa zagayawa yana dubawa, don kada gari ya waye ya tarar jirgin ya rataye ko ruwa ya danne shi.

Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Kowa ya duba angarsa da igiyarsa tun kogi yana kwance, iyaye kuma su duba cikin jirgi kafin su bar yaransu su shiga. Allah ya tsare mu, ya tsare masu shiga ruwa, amin. Sai mun haɗu a wata mai zuwa in Allah ya kai mu.