Matasan ƴan ƙwallonmu: a tafi yanzu ko a jira a nuna?

A wannan mako za mu taɓo wata magana wadda ke raba kan iyaye a birnin Maraɗi, har Tibiri da Jiratawa. Yaro ɗan shekara 16 ko 17 ya yi fice a filin ƙwallo, sai wani baƙo ya bayyana da jaka cike da takardu, ya ce wata ƙungiya a Turai ko ƙasashen Larabawa tana son shi, a kawo kuɗin jirgi da na biza. Uwa ta ce a dakata ya gama lakwal, kawu ya ce arziki ba ya sallama sau biyu, uba kuwa ya fara tunanin sayar da fuloti ko gona. Wa ke da gaskiya?

Wannan gardama ba tamu ba ce mu kaɗai. A Kanada da Amurka akwai wasan da ake kira hoki, wanda ake yi da sanda a kan ƙanƙara. Kowace shekara manyan ƙungiyoyin gasar NHL suna zama su zaɓi matasa ƴan shekara 18, kuma nan take muhawara ta tashi: yaron ya shiga cikin manya ya fara cin albashi, ko ya koma ya ƙara ƙwarewa? A 2017 ƙungiyar Colorado ta ɗauki wani matashi, Cale Makar, shi ne na huɗu a jerin zaɓen. Bai yi gaggawa ba, ya yi shekara biyu yana wasa a jami'ar Massachusetts, sai a 2019 ya shiga cikin manya. A 2022 ya ci kofin Stanley, aka kuma ba shi kyautar gwanin masu tsaron baya. Amma a lura da abu guda: a duk tsawon jiran nan gurbinsa yana ajiye, yana da mai horaswa, da likita, da aji, da gasa kowane mako. Jiransa aiki ne.

Manoman rani na Jiratawa sun fi kowa sanin wannan. Irin tumatir ko na tattasai sai an rene shi a ƙaramin fage kafin a dasa. In an cire shi da wuri, rana ta kashe shi. In an bar shi ya wuce lokaci, ya sandare, ko an dasa ba ya yin ƴaƴan kirki. Saboda haka tambayar da ta kamata uba ya yi ita ce: a ina yaron nan zai riƙa buga wasa kowane mako, a gaban wanda zai gyara masa kuskure? Shekaru da yawan kuɗi suna biyo bayan wannan.

Mu dubi labarin ƴan wasa biyu da kowa ya sani. Musa Maazu, ɗan Yamai, ya tashi a ƙungiyar sojoji ta ASFAN, ya tafi Lokeren ta ƙasar Beljiyam a 2008, inda ya samu wasa, ya yi ta zura ƙwallaye. A 2009, yana ɗan shekara 20, babbar ƙungiyar CSKA ta birnin Mosko ta saye shi. A cikin wannan shekara kaɗai ƙungiyar ta ga masu horaswa uku: Zico, Juande Ramos da Leonid Slutsky. Wanda ya tarbe shi ya tafi, sai aka shiga ba da shi aro, daga Monako zuwa Bordo, daga Zulte Waregem zuwa Le Mans. Ba wanda zai raina Maazu: shi ne ya jefa ƙwallon da Mena ta doke Masar da ita a Yamai a watan Oktoba na 2010, a kan hanyar da ta kai mu gasar cin kofin Afirka ta 2012, karon farko a tarihinmu. Sai dai shekarun da ya kamata ya kafu wuri guda sun tafi a ɗaurin kaya da kwance kaya.

Ahmed Musa kuwa ya ci ƙwallo 18 a kaka guda a Kano Pillars, ya tafi wata ƙaramar ƙungiya ta Holan, VVV-Venlo, a 2010. Sai da ya cika shekara 18 a watan Oktoba kafin a ba shi izinin wasa. A farkon 2012 ya shiga CSKA ɗin nan dai, yana ɗan shekara 19, wato bai kai shekarun Maazu ba. Amma ya tarar da mai horaswa guda, Slutsky, wanda ya riƙe ƙungiyar har 2016, ya kuma amince da shi. Tare suka ci gasar Rasha sau uku. Da ya koma Leicester ta Ingila a 2016 kan kuɗi masu yawa, sai zaman benci ya kama shi. A farkon 2018 aka maida shi CSKA aro, ya sake samun wasa, kuma bayan ƴan watanni ya jefa wa Aisland ƙwallo biyu a gasar cin kofin duniya. Mutum ɗaya ne, ƙafa ɗaya ce. Wasa ya ɗaga shi, benci ya dusashe shi.

Mu mutanen Maraɗi mun ga misali na uku da idonmu. A watan Fabrairu na 2019 Nijar ta karɓi gasar Afirka ta ƴan ƙasa da shekara 20, aka raba wasanni tsakanin Yamai da filin wasa na Maraɗi. Rukunin Senegal, Mali, Gana da Burkina Faso nan garin ya sauka, Mali kuma ta tafi da kofin. Cikin tawagar Gana akwai Mohammed Kudus, ɗan unguwar Nima ta birnin Akara, inda Hausa ke yawo a kowane lungu. Tun yana ƙarami ya shiga makarantar ƙwallo ta Right to Dream, wadda ke haɗa horo da karatu. Da ya cika 18 a 2018 ya tafi Nordsjaelland ta Danmak, ƙungiyar da ke ba matasa wasa. Daga nan sai Ajax a 2020, sai West Ham ta Ingila a 2023. Mataki bayan mataki, bai tsallake ko ɗaya ba.

To, ga abin da ya wajaba kowane magidanci ya sani kafin ya sa hannu a aljihu. Tun 2001 dokar hukumar FIFA ta hana a kai yaron da bai cika shekara 18 ba wata ƙasa don ƙwallo, in ban da wasu ƴan keɓaɓɓun dalilai, kamar a ce iyayensa sun ƙaura saboda wani aikin da bai shafi ƙwallo ba. Duk wanda ya ce zai sama wa ɗan shekara 16 kwantiragi a Turai, ko dai ƙarya yake yi, ko kuma yana shirin taɓa takardar haihuwa, wadda kuma ranar da asiri ya tonu yaron ne zai kwana ciki. Na biyu, ƙungiyar da ke son ɗan wasa da gaske ita ke aiko da takardar gayyata, ita ke biyan jirgi da masauki. In an ce uba ya biya, to shi ne hajar. Na uku, a kai kowace takarda hukumar ƙwallo ta ƙasa, FENIFOOT, ko reshenta na jaha, a tabbatar da ita. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Amma kada mu yaudari kanmu. Cewa yaro ya yi haƙuri abu ne mai sauƙi ga wanda ke da albashi a ƙarshen wata. In ya zauna, me zai zauna a ciki? Ƙungiyoyi irin su Ɗan Kasawa da Jangorzo sun ɗauki sunan Maraɗi a gasar ƙasa, amma yaron Tibiri ko na Jiratawa ɗan shekara 13 yana bukatar gasar tsararsa wadda ba ta yankewa, da mai horaswa mai takarda, da abinci, da wanda zai ɗaure masa gwiwa in ta goce. In babu waɗannan, jiran ma asara ce, kuma ɗan damfara zai ci gaba da samun kasuwa.

Abin mamaki, a kokowa mun daɗe da gane tsarin. Yakuba Ango Kantu, wanda ya kawo wa Maraɗi takobin farko daga Tawa a 1975, kuma filin kokowar garin nan ke ɗauke da sunansa, ya fito daga al'adar da kowa ya sani: yaro ya fara a dandalin ƙauye bayan kaka, ya kada tsararsa, ya hau zuwa zaɓen gunduma, kafin ya shiga cikin goman da jaha ke aikawa gasar takobi. Haka alhazan kasuwa: ba wanda ke danƙa wa yaronsa jari ran da ya zo. Sai ya yi tsaron shago, an aike shi Jibiya da Katsina, an gwada shi da Kano, kafin a tura shi Kwatano ko Lome. Me ya sa sai a ƙwallo muke son tsalle daga filin unguwa zuwa Faris?

Ga ƴan kasuwa, akwai ma lissafi a ciki. Dokar FIFA ta tanadi kashi 5 cikin 100 na kuɗin sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata domin ƙungiyoyin da suka rene shi tsakanin shekara 12 da 23. In an sayar da yaro Yuro miliyan 1, wato kusan sefa miliyan 656, rabon masu reno ya kusa miliyan 33, a raba gwargwadon shekarun da ya yi a hannun kowa. Tun 2022 FIFA ta buɗe ofishi na musamman a Faris mai bin sawun waɗannan kuɗi. Sharaɗin guda ne: sai yaron yana da rajista da lasisi a hukumance tun yana ƙarami. Ƙungiyar da ba ta rubuta yaranta ba ta yi wa wani noma.

Ga ma'aikata kuwa, musamman malaman lakwal da jami'an wasanni, nasu aikin shi ne su raya gasar makarantu, su kuma tsaya kan cewa yaro ya riƙe karatunsa aƙalla har ya samu BEPC. Ƙafa tana karyewa a rana ɗaya, kuma ko wanda ya yi sa'a, da wuya ya wuce shekara 35 yana wasa.

Shawararmu ke nan. Kafin shekara 18, yaro ya zauna, mu kuma mu gyara masa wurin zama. Bayan 18, in ƙofa ta buɗe da takarda sahihiya, ya tafi, amma ya zaɓi inda zai buga wasa ko da sunan ƙungiyar ƙarami ne, ya bar babbar da za ta ajiye shi a benci. Allah ya shirya mana zuri'a, ya tsare su daga hannun macuta. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.