Wai Don Ba Ta Hawa Intanet?

'Yan'uwa ɗalibai, akwai wata amsa da muka gaji da jin ta daga bakin masu kula da kwamfutocin ofisoshi da na shagunan buga takardu. Duk sa'ad da ɗalibi ya dawo yana kukan filas ɗinsa ta kwaso cuta, kundin bincikensa ya ɓace, sai a ce masa: "Ai na'urarmu ba ta hawa intanet, can dai ka kwaso abinka." Wannan magana ba ta da tushe, kuma abin kunya ne a riƙa faɗinta a harabar ilmi.

Tun a 1986, zamanin da yawancin mutanen duniya ba su taɓa jin sunan intanet ba, wasu 'yan'uwa biyu a birnin Lahore na Pakistan suka ƙirƙiri ƙwayar cutar kwamfuta mai suna Brain. A kan faifan fulofi ta yi tafiya, daga hannu zuwa hannu, har ta isa Amurka. A 2008 kuwa, filas guda ɗaya aka soka a wata kwamfuta a sansanin sojan Amurka da ke Gabas ta Tsakiya, cuta ta kutsa har cikin na'urorinsu na sirri, suka shafe wata 14 suna shara.

Amma babbar hujjarmu ita ce Natanz, inda ƙasar Iran ke tace ma'adinin yuraniyam. Wurin nan an raba na'urorinsa da intanet ɗungurungum, ga sojoji suna gadi. Duk da haka cutar Stuxnet, wadda aka gano a 2010, ta shiga, har aka ƙiyasta ta lalata injunan tacewa kusan 1,000. An tsara ta ne musamman domin ta bi filas, kuma ba sai mutum ya buɗe wani fayil ba. Da zarar Windows ta nuna abin da ke cikin filas ɗin, shi ke nan, aikin gama ya gama. Injuna suna ta lalacewa, allon masu gadi yana nuna musu lafiya lau. To, in gemun mai soja ya kama wuta, wane ne magatakardan sashe da zai ƙi shafa wa nasa ruwa?

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bangon kwamfuta shi ne tsarin da ke tafiyar da ita, kuma kamfanin Microsoft ya daina toshe kafofin Windows XP tun Afrilun 2014, na Windows 7 tun Janairun 2020. Amma mu je mu duba teburan da muke bin layi a gabansu: tsohuwar Windows, sau da yawa ma ta sata, an kashe mata hanyar sabuntawa wai don tana cin data. A kan irin waɗannan na'urori ake ajiye sakamakon jarrabawa. Ku kuma yayyenmu da kuka kama aikin gwamnati, a kansu ake tsara albashinku da fanshon iyayenmu. Haba jama'a!

Ba mu wanke kanmu ba. A wani gwaji da aka buga sakamakonsa a 2016, an watsar da filas 297 a harabar Jami'ar Illinois, sai ga shi an buɗe fayilolin kusan rabinsu. Ashe kwaɗayin tsintuwa bai san boko ba. Sai dai ɗalibi filas ɗaya yake riƙe da ita. Mai shago kuwa na'urarsa rijiyar unguwa ce, kowa da gugarsa, in ta gurɓata duk gari ya sha.

Wanda ya ga fayilolinsa sun koma 'yan alamomi masu kibiya, kada ya danna su, kada kuma ya yarda a wanke masa filas. Galibi cutar ɓoye su ta yi, suna nan, ana iya fito da su.

Muna kira ga shugabannin ƙungiyarmu su kai wa hukuma wannan buƙata a rubuce: kada a sabunta wa wani shago izinin zama a haraba sai an duba na'urorinsa, a kuma karɓi kundin ɗalibi ta imel ba tare da an tilasta masa miƙa filas ba. Ofishin da ya ce ba shi da kuɗin sabuwar Windows, to Linux kyauta ce, kuma ɗaliban sashen kwamfuta suna nan a shirye su girka masa.