Colin Croft da kuɗin Afirka ta Kudu

Wasan kurket ba wasanmu ba ne. Ingilishi suka ƙago shi, suka kai shi ƙasashen da suka mallaka. Amma labarin Colin Croft, mutumin ƙasar Giyana, ya shafi kowane baƙar fata, shi ya sa na ga ya kamata mu tsaya a kansa.

Sana'arsa ita ce jifa. Mai jifa yakan sheƙo da gudu, ya wurga ƙwallo mai tauri, wanda nauyinsa ya kai giram 160, zuwa ga mai bugu da ke tsaye a tazarar metir 20 yana tsaron sanduna uku. Gwanayen saurin jifa sukan wuce kilometir 140 a awa, kuma babban wasa tsakanin ƙasa da ƙasa yakan ɗauki kwana 5. Duk jifa guda, nauyin jiki ninki-ninki yake sauka bisa gwiwa da gadon baya. Saboda haka kasuwar mai jifa ba ta daɗewa tana ci. Wanda ya shekara goma a fili ya gode wa Allah.

An haifi Croft a 1953. Ya shiga ƙungiyar ƙasashen Karayib a 1977, kuma a wasansa na biyu, a birnin Port of Spain, ya fidda mutum 8 na Pakistan, maki 29 kawai suka samu a hannunsa. Shi da Roberts da Holding da Garner su ne huɗun da duniyar kurket ke shakka, da shi kuma aka ci kofin duniya a 1979. Cikin manyan wasanni 27 ya fidda mutum 125.

A farkon 1983 ya bi ayarin Lawrence Rowe zuwa Afirka ta Kudu, ƙasar da aka ƙaurace wa a wannan wasa tun 1970 saboda wariyar launin fata. An ba kowannensu abin da ya kai kimanin dalar Amurka dubu 100, aka kuma ɗauke su a matsayin Turawan alfarma, domin su samu shiga otel ɗin da ƴan ƙasa baƙaƙe ba su shiga sai dai aikin shara ko wanke-wanke. Hukumar kurket ta Karayib ta kore su har abada.

Ra'ayina, Croft ya yi kuskure, ba kuwa ƙarami ba. Gwamnatin Piretoriya ba ƙwarewarsa ta saya ba, fatarsa ta saya, don ta nuna wa duniya cewa ga baƙaƙe sun zo da ƙafarsu. Sa'ad da suke wasa a birnin Kap, Nelson Mandela yana kulle a gidan yarin Pollsmoor, a gefen birnin nan. A ƙarshen shekarar kuma, a wannan birni, mai duba tike ya tashe shi daga taragon Turawa na jirgin ƙasa. Ashe alfarmar ba ta kai tasha ba.

Amma ban yarda a ɗora masa laifin shi kaɗai ba. Ana yawan cewa ai Viv Richards da Clive Lloyd ba su je ba. Gaskiya ne, kuma sun cancanci yabo. Sai dai su matsayinsu a ƙungiya tabbatacce ne, suna da abin dogaro. Croft kuwa yana gab da shekara 30, ga saurayi Malcolm Marshall ya taso yana neman gurbinsa, ga hukumar da ke biyan ƴan wasa abin da bai taka kara ya karya ba, ba ta kuma tanadi komai ba don ranar da baya zai ƙi. Waɗanda suka yanke hukuncin korar, da yawansu ba su taɓa tambayar me ɗan wasa zai ci bayan ya ajiye ƙwallo ba.

Horon ma bai faɗa daidai kan kowa ba. Croft yana da ilimin aikin jiragen sama, ya koma Amurka ya ci gaba da rayuwa, daga baya har ya zama mai sharhin wasa. Abokin tafiyarsa Richard Austin kuwa ya ƙare yana kwana a titunan Kingston, ya rasu a 2015.

An ɗage korar a 1989, lokacin Croft yana da shekara 36, ƙarfin jifa ya riga ya tafi. Cikin dukan ayarin, mutum ɗaya tak, Ezra Moseley, ya samu shiga babban wasa na kwana 5 bayan haka, sau biyu, a 1990.